Markaɗen Asabar: yadda nake sauƙaƙa girkin dare da na Sallah

Duk wadda ke fita aiki ta san dahuwa ba ita ke cinye lokaci a kicin ba. Shinkafa minti ashirin da biyar ya ishe ta, taliya ko sha biyar ba ta kaiwa, tuwon semo kuwa kafin ki idar da sallar Magariba ya sulala. Inda lokacin ke tafiya shi ne gyaran kayan miya, aiken yaro inji, jiran ya dawo bayan ya tsaya kallon ƙwallo a hanya, sannan tsayuwa a kan tumatir har tsaminsa ya fita. Ni koyarwa nake yi a nan Kano, ba na shiga gida sai bayan La'asar, yara kuma su dawo daga Islamiyya dab da Magariba, kowa da yunwarsa. Shi ya sa na kwashe wancan aikin gaba ɗaya na mayar da shi ranar Asabar. Sauran kwanakin mako haɗawa kawai nake yi, idan Sallah ta zo kuma shi dai wannan tsarin nake faɗaɗawa.

Ki sayi kayan miya da yawa lokaci guda. Idan kina Kano, 'Yankaba ce kasuwar kayan gwari, kuma da sassafe ake zuwa kafin rana ta doki kayan. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani na wajen Kadawa da Kura yake cika kasuwa ya yi araha. Da damina ta kawo kai, wajen Mayu zuwa Yuli, sai ya koma na masu hali. Wadda ta yi girki a 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, ba sai an ba ta labari ba. Don haka lokacin araha ki yanka wani ki shanya, ko ki sayi kauɗa mai tsabta ki ajiye. Idan za ki yi amfani da ita ki wanke ta sosai da ruwan ɗumi saboda ƙasa, ki jiƙa ta yi laushi, sannan ki haɗa ta da ɗanyen tattasai a markaɗe. Tattasan ne zai ba ta kala.

Ma'aunina shi ne tumatir kashi huɗu, tattasai kashi biyu, albasa kashi biyu, attaruhu ɗan kaɗan. Kaɗan nake sawa saboda autata, mai son yaji kuwa kwalba na nan a kan tabarma. Ki cire 'ya'yan tattasai, su ne ke kawo ɗaci. Idan inji za a kai, ki koya wa ɗan aiken abin da zai faɗa: "Malam, don Allah a ɗauraye injin, kuma kar a cika ruwa." Ba ki san abin da aka markaɗa kafin naki ba, yana iya zama waken ƙosai, kuma ɗan ragowarsa ya isa ya sa markaɗenki ya yi tsami kafin kwana biyu. Ruwan da mai inji ya tsuga kuwa, ke za ki biya kuɗinsa da gas ɗinki.

Ki juye a tukunya mai faɗin baki, ki ɗora a wuta ba murfi. Ni a kurfoti nake ɗora wannan, gawayi ya fi gas sauƙi a irin wannan doguwar dahuwa. Da farko zai yi kumfa yana tasowa, kalarsa fari-fari. Ki bar shi. Can sai ki ga ruwan ya janye, kalar ta koma ja sosai, yana huda ƙananan ramuka yana fallatsa. A nan ne za ki riƙa juyawa don kar ya kama. Mata da yawa na jefa 'yar kanwa don ta kashe tsami da wuri, kuma tana kashewa, sai dai tana duhunta miya ta kuma sauya mata ɗanɗano. Ni na fi son in ba shi lokacinsa tunda Asabar ce, ina wanki yana dahuwa.

Idan ya tsotse ki raba biyu. Rabi ki soya shi da man gyaɗa da yankakkiyar albasa har mai ya taso sama, rabi ki bar shi haka. Kada ki sa gishiri, Maggi, kori ko wani kayan ƙamshi a ciki. Idan kika sa, duk abincin satin ɗanɗanonsa ɗaya zai zama, ranar Laraba maigida zai fara tambaya ko miyar Litinin ce har yanzu. Ki bari ya huce, ki zuba a ƙananan robobi, kowace roba daidai girki ɗaya, ki sa a firiza. Roba ƙarama ta fi, domin abin da ya narke aka mayar ya sake daskarewa shi ne ke lalacewa. Idan unguwarku ba a samun wuta, ki soye shi duka, ki bar mai ya rufe samansa, ki riƙa tafasawa safe da yamma, kuma kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga. Haka zai kai kwana uku zuwa huɗu. Da kin ga yana kumfa shi kaɗai ko warinsa ya sauya, ki zubar, kuɗin magani ya fi kuɗin tumatir.

A wannan ranar dai ki tafasa naman sati da albasa, citta, tafarnuwa da gishiri, ki tsame naman daban, romon daban. Romon nan ya fi naman amfani a wurina. Ki daka daddawa da busasshiyar citta, masoro da ɗan barkono ki cika kwalba. Ki gyara busasshen kifi, ki cire ƙaya, ki wanke da ruwan zafi ki shanya. Ki dafa wake da yawa rabin dahuwa, ki tsane, ki ƙulla a firiza.

Daren aiki

Dafa-duka ita ce ta farko. Roba ɗaya ta soyayyen markaɗe, romo, ruwa, gishiri da Maggi, dakakkiyar daddawa rabin cokali, kifi. Idan kina son ta gargajiya ki ƙara manja ludayi guda. Ya tafasa, ki wanke shinkafa gwangwani huɗu ki zuba, ruwan ya ɗan haura kanta kaɗan. Da ruwan ya kusa tsotsewa ki rage wuta can ƙasa, ki rufe ruf, ki tafi ki yi sallarki. Turiri ne zai ƙarasa ta, yawan buɗewa da juyawa shi ke caɓe shinkafa. Minti biyar kafin saukewa ki watsa alayyafo ko zogale da albasa mai lawashi. Taliya ma haka take, sai dai ruwanta ya fi kaɗan, kuma ba a barin ta ita kaɗai a wuta. Ranar garau-garau kuwa, waken da kika ajiye zai shiga tukunya tare da shinkafa lokaci guda, sai soya mai, yaji, yankakken tumatir da latas.

Miyar kuka ba ta neman markaɗe, romo take so. Ina jin takaicin yadda wasu ke raina ta, alhali idan ta samu hannu ba miyar da ke kama ƙafarta. Ki zuba romo da ruwa, jajjagen albasa da attaruhu, daddawa cokali guda cike, kifi ko nama. Ki bar su su tafasa sosai, aƙalla minti goma sha biyar, har warin ɗanyar daddawa ya tafi ƙamshi ya maye gurbinsa. Duk miyar kukar da kika ji ba daɗi, a nan aka yi mata gaggawa. Sai ki rage wuta, ki tsame naman gefe, ki riƙa barbaɗa kuka da hannun hagu kina kaɗawa da maburgi da na dama. Kaɗan-kaɗan, domin tana ƙara kauri bayan an sauke. Kada ki rufe tukunya, za ta taso ta zube. Minti biyar ya isa. Ki soya man shanu da albasa har albasar ta yi ja, kowa ya zuba a kan tuwonsa. Tuwon kuwa ki tuƙa da ɗan yawa, ɗumamen safe ya rage miki wani aikin.

Ɗan wake shi ne abincin ranar da na dawo a gajiye liƙis. Sirrinsa a ajiye gari. Ki haɗa wake kwano biyu da alabo kwano ɗaya a niƙo miki, ki tankaɗe, ki zuba a bokiti mai murfi, zai yi miki wata. Da kin shigo ki ɗora ruwa, ki jiƙa 'yar kanwa a kofi. Gari kofi uku, kuka cokali biyu, ki tace ruwan kanwar a kai, ki kwaɓa da ruwa har ya yi danƙo, ya zama idan kin ɗebo da yatsu yana saki da kansa amma ba ya zuba. Ruwa ya tafasa sosai kafin ki fara jefawa, in ba haka ba ya narke ya zama kunu. Ki jefa ƙanana, za su nutse sannan su taso. Bayan sun taso ki ba su minti goma, kina yayyafa ruwan sanyi idan kumfa ya taso. Ki ɗauki ɗaya ki raba, idan cikin ya yi kala ɗaya da bayan ya dahu. Ki tsame a ruwan sanyi, ki tsane, mai da yaji, dafaffen ƙwai, kabeji. Kanwa idan ta yi yawa za ki ji ta a harshe, ɗan waken kuma ya yi duhu, don haka gara ta gaza.

Akwai kuma daren da ko wannan ba za ki iya ba. Ki dafa wa yara Indomie da ƙwai, ko a sayo gurasa a yi bandashe da ƙuli-ƙuli. Ba wanda zai kai ƙararki.

Ƙaramar Sallah

Abin da ke kashe mata ranar Sallah shi ne son a ce an yi kala bakwai. Ki tsaya a kan biyu: waina ko tuwon shinkafa da miyar taushe, sai shinkafa da miya da kaji saboda yara da samari. Abin sha guda ɗaya, cin-cin a faranti. Baƙon Sallah gida nawa zai shiga a ranar? Loma uku zai yi ya ce alhamdu lillahi. Abincin da za a fitar wa maƙwabta da dangin miji shi ne mai yawan, kuma shi ma kala ɗaya mai kyau ya fi tarkace.

Kwana uku kafin Sallah ki yi cin-cin, ki yi markaɗe ninki biyu na wanda kika saba, ki soya gyaɗa sama-sama ki murje a niƙo. Sai matsalar da kowa ya sani: ba a sanin ranar sai dare ya yi, an ji sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Wadda ta jira sanarwa kafin ta jiƙa shinkafar waina za ta kwana a layin inji. Ni da Azahar ɗin ranar 29 ga Ramadan nake jiƙawa, a markaɗo kafin Magariba. Idan an ga wata, shi ke nan. Idan ba a gani ba, ƙullun ya shiga firji, mu yi buɗa-baki da waina washegari, in sake jiƙa wata. Ba a yi asara ba.

Ga yadda nake haɗa ƙullun. Shinkafar tuwo gwangwani takwas, ki ware ɗaya ki dafa ta yi laushi luguf, bakwai ki jiƙa awa biyar ko shida. Ki haɗa dafaffiyar da jiƙaƙƙiyar da albasa babba guda a markaɗo da kauri. Dafaffiyar nan ita ke sa cikin waina ya yi taushi. Ki sa yis cokali ɗaya, ki rufe, ki ajiye wuri mai ɗumi. Lokacin zafi awa uku zuwa huɗu ya tashi, lokacin hunturu sai ya kwana. Da asuba ki buga shi sosai da ludayi, ki sa gishiri kaɗan, sukari daidai bakinki, da ɗan ruwan kanwa ya kashe tsami. Ki gwada guda ɗaya a tanda tukuna. Idan ta yi nauyi ki ƙara ruwa kaɗan, idan tana shan mai tana wargajewa ruwa ya yi yawa, sai ki ƙara garin shinkafa. Wuta matsakaiciya, in ta yi yawa bayan ya ƙone ciki ɗanye. Ki samu mutum ɗaya ya zauna a kan tanda, ba abin da zai yi sai wannan. Suyar waina ba ta haɗuwa da wani aiki.

Miyar taushe a nan ne rabin markaɗen da ba ki soya ba zai yi amfani. Ki dafa nama mai ƙashi, tantaƙwashi in kin samu, tare da kabewa manyan yanka. Idan kabewar ta yi laushi ki tsame ki dama ta ki mayar. Ki zuba markaɗe, manja da man gyaɗa, daddawa, Maggi, su dahu tare. Sai ki dama niƙaƙƙiyar gyaɗa da ruwa ki zuba, ki rage wuta, domin gyaɗa na kamu da wuri. Idan mai ya fara tasowa ki sa yakuwa 'yar kaɗan, sannan alayyafo da albasa mai lawashi a ƙarshe, ki sauke ganyen na kore. Surukata kullum sai ta leƙo ta ce, "'Yar nan, kar ki cika gyaɗar nan, miya ake so ba kunu ba." Gaskiyarta ne, kabewa ce ya kamata ta ba da kaurin, gyaɗa gardi kawai take ƙarawa. Za ki iya yin miyar a daren jajiberi ki bar ganyen sai da safe.

Abin sha, ni zoɓo nake yi. Ki tafasa shi da citta, kanumfari da ɓawon abarba da kika wanke sosai, ki tace, amma kada ki sa sukari sai ranar sha, ya fi jurewa. Kunun aya da dabino da kwakwa ya fi daɗi, ban musa ba, sai dai ba ya haƙuri. In babu ƙanƙara ko tsayayyiyar wuta, wanda aka yi da safe kafin La'asar ya juya.

Kuma ki karya kafin ki fara zuba abincin mutane, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kulolin da za a fitar ki liƙa musu suna a ƙasa, ki ba yara manya su kai kafin a sauko daga idi ko da an sauko nan da nan, tun hanya ba ta cushe da masu zuwa kallon hawa ba.

Babbar Sallah

Ita wannan an san ranarta tun farkon Zulhijja, don haka ba uzuri. Ki sayi gawayi ko itace, man gyaɗa, citta, tafarnuwa da gishiri tun da wuri, a kai wuƙaƙe wasawa. Abincin ranar ki sauƙaƙa shi sosai, shinkafa da miya daga markaɗenki ya wadatar, domin aikin nama na jiranki.

Ranar yanka kayan ciki ake fara yi, su ne ba sa jira. Hanta da ƙoda a gasa ko a soya a ci nan take. Tumbi da hanji a wanke su a ruwa mai yawa, a tafasa a zubar da ruwan farko, sannan a sake dafawa da kayan ƙamshi, wani a yi farfesu, wani a soye. Gangar jikin mun saba rataye ta ta sha iska zuwa washegari, naman ya tsane ya fi daɗin suya. Amma ki duba yanayi. Daga 2023 zuwa 2025 a watan Yuni Sallar ta faɗo, ga zafi ga danshin damina, kuma a irin wannan lokaci nama ba ya son ɗaki rufaffe. A raba shi kashi-kashi, a rataye inda iska ke ratsawa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Rabon maƙwabta da mabuƙata ki fitar da shi da ɗanyensa tun ranar, ya rage miki aiki, su ma su sarrafa yadda suke so.

Naman ajiya ki yanka shi madaidaita, ki tafasa da gishiri, albasa, citta da tafarnuwa, ruwa kaɗan domin zai fitar da nasa. Ki kwashe romon ki adana. Ki narka kitsen ragon ki haɗa da man gyaɗa ki soya a ciki. Kunnenki ne zai gaya miki ya soyu: muddin mai na ƙara yana tartsatsi akwai sauran ruwa a naman, idan ƙarar ta kwanta kumfa ya ragu to ya yi. Ruwan nan da ya rage shi ne ke sa nama ya yi fumfuna bayan sati. Ki baza shi a tire ya huce sarai kafin ki rufe, kuma duk mai ɗiba ya sa busasshen cokali. Ki nemi wurin ajiya mai makulli, kin san dalili.

Dambun nama daga cinya ake yinsa, tsoka zalla ba kitse ba jijiya. Ki dafa da albasa, attaruhu, citta, tafarnuwa, Maggi da gishiri har ya yi laushin da yatsa zai ratsa shi, ruwan kuma ya tsotse a jikinsa. Ki daka a turmi da zafinsa, ki bi da hannu ki warware zaren. Mai kaɗan, wuta kaɗan, juyawa ba tsayawa, har ya koma ruwan zuma ya yi wara-wara. Gishirin ki sa da sauƙi, yana fitowa idan naman ya bushe. Ki matse man a mataci ko tsabtataccen yadi, ki baza ya sha iska. Wanda ya bushe da kyau zai yi makonni a kwalba, kuma shi ake ƙulla wa ɗalibai masu komawa makarantar kwana.

Kai da ƙafa ki ba samarin unguwa masu babbaka tun ranar farko, kada su kwana da gashi. Idan sun dawo ki kankare, ki wanke da soson ƙarfe, a sassara miki. In kin gaji, kuma za ki gaji, ki tafasa su da gishiri ki sa a firiza, ki yi farfesun ranar uku ko huɗu ga Sallah lokacin da kowa ya ƙoshi da soyayye. Suna son doguwar dahuwa, awa uku a gawayi, ko kamar awa ɗaya a tukunyar nan mai matse turiri. Masoro, kimba, citta da 'yar daddawa, sai attaruhu a ƙarshe. Da gurasa ake ci, ko burodi in ba a samu ba.